Idan Tsohon Kare Ya Biyo Agola: Yadda Mutanen Gida Za Su Saba Da Shi

A Jos ba abin mamaki ba ne mace ta tare a gidan sabon miji da 'ya'yanta da kayan ɗakinta, a bayan akori-kura kuma ga wani kare mai furfura a baki yana rarraba ido. Mijinta na farko ya rasu, karen shi ke gadin gidansu a Bukuru ko Rikkos tun yaran suna rarrafe, kuma babu mai karɓarsa. Wani lokaci dattijo ne ya kwanta dama, ɗansa ya ɗauko karen ya kawo gidan da ke da mata biyu da 'ya'ya ɗaki-ɗaki. Ko ta wace hanya ya zo, ya faɗo gidan da wasu suka san shi tun yana ɗan kwikwiyo, wasu kuwa ba su taɓa ganinsa ba, a cikinsu har da mai tsoronsa da mai ƙyamarsa.

Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi, kuma zancen ya hau kan kare daram. Ɗan kwikwiyo kowa ya jefa masa ƙashi ya zama nasa. Tsoho ba ya sayuwa da wasa ko shafa. Abu biyu ke jawo shi: ya san abin da zai faru da shi daga safe zuwa dare, kuma a rage masa ciwon da ke jikinsa. Hanyar shiga zuciyarsa kuwa ta hannun yaron da ya zo da shi take bi. Duk abin da ke tafe a kan wannan aka gina shi.

Magana kafin ya iso

Maigida ya tara manyan gidan tun kafin ranar tarewa a yanke abu uku: inda karen zai kwana, inda ba zai taka ba, da wanda zai riƙa ba shi abinci. A yi wannan zaman da uwargida a wurin, a kuma saurare ta. Matar da aka wayi gari ta ga kare a tsakar gidanta ba tare da an shawarce ta ba, haushin da take ji na wasu abubuwa a kansa za ta sauke, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Maganar addini ma a nan ake gama ta. Hadisi ya yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kai. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai don bin umarni. Shafi'iyya na ganinsa najasa mai nauyi. Ba aikin maigida ba ne ya tilasta wa kowa ra'ayi. A ajiye butoci a sama, a naɗe dardumar salla, a ware wa karen kwanonsa, kada ya shiga ɗakuna. A garin nan da gida ɗaya kan haɗa dangi Musulmi da Kirista, za ka iya samun karen da ya saba kwana a falo a tsohon gidansu. Idan a sabon gida ba a yarda ba, a hana shi tun daren farko, kowa da kowa. Abin da ke rikita shi shi ne ɗakin amarya ya bar shi ya shiga, ɗakin uwargida ya kore shi da muciya.

Makwanci

Jos na sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Tsohon kare da ya kwana a kan sumunti a irin wannan dare, da safe ƙafafunsa na baya ba za su ɗauke shi ba sai da ƙyar. Nemi lungun da iskar hunturu ba ta bugawa kai tsaye, ruwan damina kuma ba ya feshi. Shimfiɗa katako ya ɗan ɗaga daga ƙasa, a kai a sa tsohuwar katifa ko buhuna da bargo. Ya kasance yana hango tsakar gida da ƙofa, amma ba a kan hanyar da yara ke gudu ba.

A zo da tsohon buhun da yake kwana a kai, kada a wanke shi, komai warinsa. A zo da kwanonsa. A haɗa masa da tsohuwar rigar yaron da ya fi shaƙuwa da shi. Kare da hanci yake gane gida, kuma hancin ne ke rage masa bayan ido da kunne sun yi rauni. Idan barandar tayil ce, a shimfiɗa tsohon kafet ko tabarma a inda yake bi, domin santsi na tsorata kare mai ciwon ƙugu har ya ƙi tashi.

Sunansa kuma a bar masa. Idan Duna ake ce masa, Duna zai ci gaba da amsawa.

Makon farko: a ƙyale shi

Wannan ne matakin da ya fi wuya, saboda ba a yin komai. Ranar da ya iso, yaron da ya san shi ya riƙe igiyarsa ya zaga da shi gidan sannu a hankali, ya shinshina bango da bakin rijiya da zaure, ya yi fitsari inda ake so ya riƙa yi, sannan a kai shi makwancinsa a ba shi ruwa. Sauran yara su tsaya nesa. Kada a yi masa wanka, kada a kira maƙwabta kallo.

Zai iya ƙin abinci kwana ɗaya ko biyu, ya yi kuka da dare, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hanya. Ba ciwo ba ne, baƙunta ce. Amma idan ya ƙi ruwa, ko ya wuce kwana biyu bai ci ba, ko ya haɗa da amai da zawo, wannan na likita ne.

A kula da ƙofa sosai a wannan makon, domin zai nemi komawa tsohon gida. Tsohon kare mai raunin ji a titin Bauci Rod ko hanyar Bukuru abu ne mai hatsari, kuma a Filato kare na da kasuwa, kowa ya san ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, don haka wanda ya ɓata ba kasafai yake dawowa ba. Duk da haka maganin ba ɗaure shi da gajeriyar sarƙa yini guda ba ne. Karen da ke ɗaure ba shi da wurin ja da baya idan aka matsa masa, shi ya sa yake saurin kai cizo. A gyara ƙofa, a toshe ramin katanga.

Sababbin mutanen gidan su riƙa wucewa ta gefensa ba tare da sun zuba masa ido ba, su ambaci sunansa da murya ƙasa-ƙasa, su jefa masa ɗan tsokar nama kusa da ƙafarsa, su yi gaba. Shi ke nan. Ranar da ya taso da kansa ya shinshina ƙafar mutum, an fara.

Likitan dabbobi

A cikin mako na biyu a kai shi asibitin dabbobi, ko a kira likita gida idan shiga mota na wahalar da shi. Mutanen Jos ba su da uzuri a nan: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom, kusa da Jos, tun 1924, Jami'ar Jos na da tsangayar likitancin dabbobi, ga asibitoci masu zaman kansu a cikin gari.

Abu na farko allurar rigakafin ciwon haukan kare. A nan ƙasar duk shekara ake maimaita ta. Idan babu kati, a ɗauka ba a yi ba, a sake. Gidan da ke cike da yara ba ya wasa da wannan, don ciwon da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Ko da an yi allurar, idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar, karen kuma a killace shi kwana 10 ana lura da shi.

Sai a roƙi likita ya duba haƙora da dasashi, ƙugu da gwiwoyi, ido da kunne, da duk wani ƙullutu a jiki, in da hali a yi gwajin jini don ƙoda da hanta. Manyan karnuka irin Alsashiyan da Rotwaila suna shiga tsufa tun shekara 6 ko 7, ƙanana kuwa sai wajen 10. Yawancin abin da mutane ke kira mugun hali a tsohon kare ciwo ne. Wanda haƙorinsa ya ruɓe ba ya son a taɓa masa kai. Wanda ƙugunsa ke ciwo zai yi gurnani idan yaro ya jingina da shi. A yi maganin ciwon, sau da yawa sai ka ga kamar an sauya kare. Tsoho yana son a duba shi duk wata shida, maganin tsutsar ciki kuma duk wata uku.

Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac na huda cikin kare su lalata ƙodarsa, farasitamol kuma na iya taɓa hantarsa. Kaska ma, wadda ke yawa da damina kuma tana sa masa zazzaɓin da ke shanye jini, ba a kashe ta da fiya-fiya ko baƙin mai. Akwai maganin da aka yi don kare, likita zai auna da nauyinsa. Da damina a riƙa shafa cikinsa da tsakanin yatsunsa ana neman kumburi mai ɗan rami a tsakiya. Tsutsar wani ƙuda ce da ke ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, shi ya sa ake share makwancinsa a shanya shimfiɗar.

Kwanon abinci shi ne gada

Sau biyu a rana, safe da yamma, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. A fara da abin da ya saba ci a tsohon gida. In za a sauya, a riƙa cakuɗawa kaɗan-kaɗan har mako guda.

Ga yadda ake miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Kwanakin farko yaron da ya zo da shi ne ke ajiye kwano, ɗan gidan yana tsaye a bayansa. Bayan nan ɗan gidan ya ɗauko kwanon, agola ya ajiye. Daga baya ɗan gidan ya ajiye, agola na tsaye. A ƙarshe a raba: wannan safe, wancan yamma. Kada a yi gaggawar tsallake mataki, kuma kada a yi shi a bayan idon yaron. Ka tuna cewa yaron nan ya rasa uba, ya bar unguwarsu, wataƙila ya sauya makaranta. Karen ne kaɗai abin da ya rage masa na tsohon gida. Idan ya ga ana neman ƙwace masa shi, zai ɓata tsarin da gangan. A mai da shi malami. Maigida ya ce masa, "Kai ka san halinsa, nuna wa ƙannenka yadda ake yi." Kalmar "ƙannenka" a bakin mijin uwa ba ƙaramin abu ba ce a kunnen yaro.

Abin da za a zuba masa kuwa, ragowar tuwo da ƙanzo kaɗai ba sa riƙe tsohon kare, naman jikinsa zai zube. A haɗa masa da dafaffen ƙwai, kifi marar ƙaya, kayan ciki ko tsokar kaza, da kabewa ko karas da aka dafa. Acca da dankalin turawa dafaffe, waɗanda Filato ba ta rasa su, suna karɓarsa. A jiƙa abincin da ruwan ɗumi idan haƙoransa sun yi rauni. A ɗebi nasa kafin a sa albasa, tafarnuwa, yaji da magi, domin albasa na fasa ƙwayoyin jinin kare. Cakulan, inibi da zabibi guba ne gare shi. Goro ma haka, yana da sinadaran da ke cikin kofi da koko, don haka kakar da ke jefa masa ɓarin goro don wasa a gaya mata cikin ladabi. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya soke hanji. Ranar layya ce aka fi cutar da tsofaffin karnuka: kowane ɗaki na jefa masa kitse, washegari a same shi kwance yana amai. A ce mutum ɗaya ne zai ba shi naman Salla, tsoka, kaɗan.

Yana cin abinci, babu mai matsawa kusa. A kuma sa ido a kan ruwan da yake sha. Kare mai kilo 20 yana shan abin da ya kai leda biyu zuwa uku na fiya-wata a yini. Idan ya zarce huɗu kullum yana yawan fitsari, a gwada ƙoda da suga. Ƙiba ma ciwo ce ga mai ciwon gaɓoɓi. Idan ka shafa gefensa ba ka ji haƙarƙari ba, a rage kwano.

Taɓawa, da abin da yara za su haddace

Idan ya fara matsowa da kansa, tsuguna ka ba shi gefenka, hannunka a ƙasa. Ya shinshina. Shafa ƙirjinsa ko kafaɗarsa, ba tsakar kansa ba, na ɗan lokaci kaɗan, sai ka janye hannu. In ya matso ko ya tura ka da hanci, yana so. In ya kau da kai, ya lashi leɓe, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ko jikinsa ya sandare farin idonsa ya fito, ya ishe shi, tashi ka ba shi wuri. Kaɗa jela ba kullum murna ba ce.

Gurnani gargaɗi ne, kuma alheri ne. Karen da aka doke shi don ya yi gurnani zai daina gurnanin, ranar da aka ƙure shi sai dai a ji cizo. A janye yaron, a nemi dalili.

Dokokin yara gajeru ne, kuma kan kowa suke, ɗan ɗaki da agola: ba a tashinsa daga barci, ba a hawa bayansa, ba a rungumar wuyansa, ba a bin sa makwancinsa, ba a jifansa, ba a cuna shi ga kowa ko da wasa. Tsohon kare na iya yin barcin awa 16 ko fiye a yini, ba lalaci ba ne. Yaro mai rarrafe ko tatata ba a barin sa da kare su kaɗai, komai sanyin halin karen. Wanda ke tsoro kuma kada a ja hannunsa a ɗora. Ya riƙa kallo ta taga, ya cika kwanon ruwa lokacin da karen ke waje. Uwargida da ta ce ita ba za ta taɓa shi ba har abada, an gode, abin da ake nema a wurinta kada ta kore shi da duka.

Fita tare

Babu abin da ke haɗa kare da sabon mutum kamar tafiya gefe da gefe. Minti 10 zuwa 15, sau biyu a rana, da igiya, a hanya mai laushi marar hawa. Duwatsun Jos da kwazazzaban tsoffin ramukan kuza ba na tsoho ba ne. Da hunturu a jira rana ta ɗan ɗaga, gaɓoɓinsa su saki. A bar shi ya tsaya ya shinshina duk abin da ya ga dama, don shi wannan ne yawon. Agola ya riƙe igiya a tafiya, ɗan gida ya riƙe a dawowa. Maigida ma ya samu rana ya bi su, ko bayan la'asar ne. A irin wannan tafiyar ce yaron da ba ya iya haɗa ido da mijin uwarsa zai buɗe baki ya ce, "Baba, da can har zomo yake kamawa."

Idan ya dawo yana ɗingishi ko washegari ya kasa tashi, an yi nisa, a rage.

Idan ji ko gani ya ragu

Karen da ake kira bai waiwaya ba, kafin a ce taurin kai ne a tafa hannu a bayansa a gani. In kurma ne, a buga ƙafa a ƙasa kafin a iso gare shi don ya ji motsi, a koya masa alamar hannu ɗaya ta "zo" da ɗaya ta "tsaya", kowa ya yi amfani da iri ɗaya, da dare a haska tocila a ƙasa gabansa. Shuɗin hazo-hazo a idon tsohon kare sau da yawa na shekaru ne, yana gani da shi. Fari fat kamar madara shi ne yanar ido, wadda ke hana gani. Mai raunin gani a daina sauya wa turmi da randa da kujeru wuri, a rufe rijiya, a yi masa magana kafin a taɓa shi.

Wani kuma ƙwaƙwalwa ce ke tsufa: ya riƙa zagaye da dare, ya tsaya a lungu ya rasa hanyar fita, ya yi fitsari inda bai saba ba. Duka ba ya gyara wannan. A fitar da shi fitsari kafin a kwanta da kuma da asuba, a bar ƙaramar fitila kusa da shi, a gaya wa likita. Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara da ake ta fasa nokawut, da daren da ake tsawa ko ƙanƙara, a shigar da shi sito ko zaure a rufe, yaron da ya sani ya zauna kusa.

Kaji, awaki da kyanwar gidan a haɗa su da shi yana ɗaure da igiya a hannun babba, a nesa, a riƙa matsowa kwana bayan kwana. Wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa kada a amince masa da 'yan tsaki ko ya tsufa.

Kada ya zama karen ɗaki ɗaya

A gidan da aka haɗa 'ya'ya, kare na saurin zama sandar faɗa. Ya yi kashi a ƙofar uwargida, a ce "karenku". Kuɗin allura ya taso, a ce wanda ya kawo shi ya biya. Maigida ya kashe wannan da wuri: kuɗin abincinsa da maganinsa daga cefanen gida suke fita, tunda gidan duka yake gadi, kwashe kashinsa kuma a jera yara bi da bi, har da waɗanda aka haifa a gidan. Ba a hukunta yaro ta hanyar hana karensa abinci, ba a yi masa barazanar za a sayar da shi.

Gadin ma a rage buri. Haushinsa na iya tashin gida, amma ba zai bi ɓarawo ba. Idan an kawo matashin kare don ya taimaka, a raba musu kwano da makwanci, a fara ba tsohon.

Alamun an dace ba su da hayaniya: yana cinye abincinsa ko wane ne ya ajiye, yana barci a gefensa ƙafafu a miƙe a tsakar gida, yana tasowa ya tari ɗan gidan da ya dawo daga Islamiyya. Wani kare wata ɗaya ya ishe shi, wani sai ya haura uku. A ƙoƙarta a kai nan kafin yaron da ya zo da shi ya koma makarantar kwana ko ya tafi hutu wurin dangin mahaifinsa. Mako biyu kafin tafiyar, wanda zai gaje shi ya karɓi abincin safe da na yamma da fita gaba ɗaya, yaron yana gida yana gani, a kuma bar wata rigarsa da ya sa ba a wanke ba a makwancin. Idan karen na shan magani, a rubuta sunan maganin da lokacinsa da lambar likita a takarda a manna a bangon kicin, inda duk wadda ke da girki ranar za ta gani.